Tankin Motar da Muke Kwana Ciki

Asabar, 9 ga Janairu
Kwana goma sha ɗaya da girgizar ƙasa. Gidanmu yana tsaye, amma an manna masa jar takarda, babu mai shiga. Wasu Jamusawa sun aiko mana da motar kwana, irin mai gado da murhu a ciki. An ajiye ta a tsakar gida, gindin tuffa. Ni da Baba da Kaka Ruža. Mama tana can Jamus tana kula da tsohuwar wasu.
Na ceto littattafan soyayyata guda huɗu. A dukkansu babu jarumar da ta taɓa shiga banɗaki.

Talata, 12 ga Janairu
Banɗakin motar yana da ɗan tanki a ƙasa, ana zaro shi ta waje kamar akwati. Kwana biyu ya cika. Bayan Baba bai warke ba tun da katako ya faɗo masa, don haka ni ce mai ɗauka. Daga mota zuwa tsohuwar shaddar ƙarshen lambu taku ɗari da arba'in, cikin dusar ƙanƙara. Ƙazantar tana juyawa a ciki, ina jin ta a gwiwata.
Na yi amai sau biyu. Na wanke hannu har ya yi ja.

Alhamis, 14 ga Janairu
Ina fama da tankin, da na ɗago kai, Kaka tana kallona ta taga. Ta saki labule.

Lahadi, 17 ga Janairu
A littafin da nake karantawa saurayin ya sunkuya ya shinshini gashin budurwarsa, ya ce ƙamshin ruwan sama take yi. Na shinshini nawa. Na rufe littafin.
Da cin abincin rana na ce, ba da kowa nake ba, "Wallahi na gaji da wannan abin." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Baba ya ci gaba da shan miyar wakensa. Kaka ta ajiye cokali.

Litinin, 25 ga Janairu
Tankin ya yi sauƙi kwanan nan. Kwana huɗu kafin ya cika. Na ɗauka ƙarfi na yi. Har waƙa na yi a hanya.

Laraba, 27 ga Janairu
Ina gyara gado na ga Kaka ta juye shayinta a tukunyar fulawar da ke taga. Ƙasar tukunyar ta jiƙe sharkaf, ganyen ya yi rawaya. Ba yau ta fara ba.
Na ce, "Kaka, me ya sa?"
Ta ce, "Tsohuwa ai ba ta jin ƙishi, 'yar nan. Je ki karatunki."
Leɓenta duk ya tsage. Na je karatuna. Shafi ɗaya na kalla har magariba. Ya kamata in faɗa wa Baba. In na faɗa, zai tambayi dalili, kuma dalilin ni ce.

Asabar, 30 ga Janairu
Na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, gara ma ya yi. Ya fita ya tsaya yana kallon motar, sannan ya ce zai huda tankin ya haɗa masa bututu har zuwa ramin sokawen tsohon gida, kowa ya huta da ɗauka.
Kawu Mijo, maƙwabcinmu, wanda ya shekara talatin yana gyaran famfo, ya leƙo ta shinge.
"Zvonko, me kake nema a ƙarƙashin mota, ko haƙoranka ne suka faɗi?"
"Aikin da ka kasa ne nake yi, tsoho."
"Kai da ko famfon kicin ɗinka sai da na zo sau uku! Ba shi gangare, ka ji? Ruwa ba ya tafiya don kunyarka."
Baba ya ce ƙasa ta daskare, ba ta haƙuwa. Ya shimfiɗa bututun a saman ƙasa, ya tokare da bulo. Ni ce mai riƙe fitila da miƙa zarto.

Litinin, 1 ga Fabrairu
Ya yi! Na kai wa Kaka shayi kofi biyu, na tsaya a kanta. Ta sha ɗaya da rabi.

Alhamis, 4 ga Fabrairu
Bai yi ba. Baba ya bar murfin bututun a buɗe dare da rana. Ruwan ya tsiyaye, sauran ya taru ya sandare a tankin. Abin da ya shiga bututun kuma ya zama ƙanƙara. Wari ya dawo ciki, ya kama bargo, ya kama burodi.
Kawu Mijo ya riƙe hanci ya ce, "A rufe ake barinsa, sai ya cika a saki gaba ɗaya. Na ce maka gangare, ka ba ni shimfiɗar tabarma."
Baba ya ce, "To ka faɗa, ka ji daɗi."
Tankin yanzu a huje yake, ba ya ɗaukuwa. Mun koma bokiti. Kaka ta kalli bokitin, ta kalle ni.

Asabar, 6 ga Fabrairu
Ko miya ta ƙi sha. Na roƙe ta. Na ce ban damu ba, wallahi ban damu ba. Ta shafa kaina ta ce, "Na sani." Ba ta sha ba.

Talata, 9 ga Fabrairu
Zazzaɓi. Kaka ta kira ni da sunan Mama. An kai ta asibitin garin Sisak, ana yi mata ƙarin ruwa. Ƙoda ce. Likitar ta tambaya ko muna da banɗakin kirki, Baba ya ce ana kan gyara. Ta ce in dai babu, ba za ta sallame ta zuwa mota ba.
Goggo Vesna ta bugo daga babban birni, Zagreb, ina jin muryarta daga inda nake zaune: "Ku kawo mini uwata. Hawa na shida ne, amma da ruwan zafi."
Kaka ba ta taɓa kwana uku a wajen ƙauyen nan ba.

Lahadi, 14 ga Fabrairu
Mun hura wuta a kan ƙasa don ta saki, muka fara haƙa ramin bututu. Baba yana yi yana dafe baya. Kawu Mijo ya zauna a kujera da zare da kwalbar ruwa yana awon gangare, yana zagin kowa. Tafin hannuna ya fashe wuri biyu. Taku shida muka ci. Saura goma sha tara.

Laraba, 17 ga Fabrairu
Goggo ta tafi da Kaka kai tsaye daga asibiti. Ni na haɗa jakar. Ban san me ake sa wa mutum ba.

Asabar, 27 ga Fabrairu
An gama. An binne bututu, Kawu Mijo ya sa masa wani ƙarami da ya fita ta rufi don iska. Muka zuba bokiti uku, muka ruga ƙarshen rami muna saurare. Ya wuce sumul. Baba ya kira Kaka, ya miƙo mini waya ya ce, "Ke za ki faɗa mata, ke take ji."
Na faɗa mata. Ta ce madalla, ta tambayi kajinta. Ta ce gidan Vesna da ɗumi, sai dai ba a ganin komai ta taga sai wasu tagogin. Ba ta kashe wayar ba. Na san jira take.
Kalma ɗaya ce zan faɗa: ki dawo. To biyu. Ina zaune a gadonta da na koma tun makon jiya, wanda ya fi nawa faɗi, tagar a buɗe, babu warin komai.
Na ce mata kajin lafiya lau.