Biyu ga Maris

Salaga, 6 ga Maris

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Mama da kowa a Kete Krachi. Yaya ƙafar taka?

Baba, labarin ba daɗi. Jiya an sari mijina Mikaila a wani ƙauye kusa da Bawku, inda ofishinmu ya tura shi ƙidayar shanun da aka yi wa allura. Samari suka jawo shi daga kan babur, suka fasa masa kai da itace, suka sare shi da adda. Wai ranar uku ga Maris ɓarayi sun kashe makiyayinsu sun kore garke, kuma takardar ofishinmu ta nuna Mikaila ya je garken ranar biyu. Suka ce shi ya yi musu leƙen asiri.

Baba, ranar biyu muna nan Salaga wajen sunan ɗan ƙanwarsa.

'Yarka,
Nusrat

Yendi, 7 ga Maris

Baba, bayan gaisuwa da fatan alheri,

Na tsaya ofishinmu na buɗe bayanan ƙidayar da kaina. Na'urar da Mikaila ke yawo da ita tana rubuta wata kafin rana, don haka 02/03 tana nufin uku ga Fabrairu. Wanda ya haɗa rahoton ya umarci R, manhajar lissafinmu, ta karanta rana kafin wata, sai ta mayar da shi biyu ga Maris. Irin su 02/15 kuwa ta bar su fanko, tunda babu wata na goma sha biyar. Ba wanda ya tambayi dalilin fankon. Harafi biyu na sauya a cikin umarnin, komai ya koma daidai. Na kifa kaina a tebur na yi kuka.

Ka sa mu a addu'a.
Nusrat

Bawku, 9 ga Maris

Baba, ina gaishe ka, ina gaida Mama.

Mikaila yana da rai, amma likita ya cire hannunsa na dama. Ya gane ni.

Na kai gyararriyar takarda ƙauyen tare da ɗan sanda. Mahaifin makiyayin da aka kashe ya saurara har ƙarshe. Sai ya sa aka kira ɗansa Hudu, wanda ya riƙe addar, ya yi ta jibgarsa da sandar kiwo har jini ya ɓalle masa ta hanci, tsohon na kuka. Ban ji sanyi ba ko kaɗan, Baba.

Yanzu na ji ƙannen Mikaila suna neman mota a Salaga, da adduna cikin buhu. Ni ba sa ɗaukar wayata, amma suna jin kunyarka. Don Allah ka isa Salaga kafin su taso ramuwa. Tsohon nan ɗa guda ya rage masa.

'Yarka,
Nusrat