Abin da Kumatu Ta Riƙe a Baki

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta yi zafi, ruwan randata, matata kuma abokiyar tsokanata. Zuwa ga wadda in ta yi dariya gidan nan yake cika, in ta yi shiru har bango yake tsarguwa. Ina gaishe ki gaisuwar wanda kewa ta hana sukuni, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sa wani abu a bakinki yau.

Jiya da Yayarki ta rako ni bakin ƙofa, ta gaya mini shayin da ta haɗa miki da safe yana nan har yamma inda ta ajiye shi. Ta ce likita ya ce in aka ci gaba a haka, sai dai a kwantar da ke a sa miki ruwa. Wayyo masoyiyata! Tun ranar da muka dawo daga asibiti hannu rabbana, babu 'yar da muka je tarba, kika koma gidan Yaya kika rufe baki, ba ci, ba magana. Ina kumatun nan da nake ja? Ina muryar da take hana ni sakat in na bar takalmi a tsakiyar falo? Wallahi yanzu da gangan nake barinsa, ko zan ji an yi mini faɗa.

Kifayenki suna nan lafiya. Ina canza musu ruwa da tiyo da bokiti yadda kika koya mini, ina wanke soson tacewa da ruwan akwatin, ba da na famfo ba. Injin iska yana ta gurnaninsa a lungu, shi kaɗai ke yi mini hira. Ɗan Gayu, shuɗin namijin nan mai ji da kai, har yanzu yana share gurbi a yashi yana karkaɗa jiki, kamar shi ya gina gidan.

Kin tuna farkon aurenmu, lokacin da ban san komai ba game da waɗannan ƙananan dangin karfasa naki? Na ga macen nan mai ruwan ɗorawa ta daina ci, ta maƙale bayan dutse, haɓarta ta kumbura. Na zura takalmi na tafi shagon mai kifi, na dawo da kwalbar magani ina haki, wai zan ceci rai. Kika yi dariya har kika zauna a ƙasa. Sannan kika jawo ni da wuyan riga, kika manna mini fuska a gilashi, kika ce, "Likita, buɗe ido ka dubi bakinta." Na duba, sai ga ƙananan idanu baƙaƙe suna leƙowa ta tsakanin leɓɓanta! Kika ce ƙwanta ne ta kwashe a baki, tana jujjuya su kamar mai tauna don kada su ruɓe, kuma haka za ta yi makonni da yunwa har sai sun zama 'ya'ya sun iya iyo. A ranar muka sa mata suna Kumatu. A ranar kuma na san a hannun mai tausayi na faɗa.

Da kika sami ciki, kika roƙe ni in bar miki zaɓen suna, na bar miki. Sai kika ƙi gaya mini. Na yi lallashi, na yi fushin ƙarya, na ba ki cin hancin lemo da ayaba, ke kuwa sai ki cika kumatu da iska ki nuna akwatin kifi, wai ke ma kin riƙe naki a baki, sai ranar da ta zo. Ta zo, hasken raina, amma ba ta yi kuka ba.

Bari in ba ki labarin Kumatu. Ta sake ɗaukar ƙwai a baki bayan tafiyarki. Lokacin da ya kamata ta saki ya zo ya wuce, ita ko a jikinta. Cikinta ya lafe, launinta ya dushe, in na zuba abinci sai ta matso ta dube shi ta juya. Na je wajen mai shagon kifi, ya ce abu ne mai sauƙi, kowa haka yake yi: in kama ta da jiƙaƙƙen hannu, in buɗe bakin da tsinke, in girgiza 'ya'yan su zubo a kwano. Na dawo na jiƙa hannu, na ɗauki raga. Sai na ji muryarki a kunnena, ranar da kika ce wannan ba kiwo ba ne, fashi ne, kuma muddin kina numfashi ba za a ɓare bakin uwa a gidan nan ba. Na ajiye tsinken.

Na yi yadda kike yi. Na mayar da ita ƙaramin akwati ita kaɗai, na sa mata fasasshiyar tukunya ta ɓuya, na lulluɓe gilashin da tsohon mayafinki, na bar 'yar kafa ta leƙe. Shekaranjiya da hantsi na leƙa, na ga ta sauko kusa da yashi ta buɗe baki, suna fitowa kamar ana watsa tsaba. Daɗi ya ɗebe ni na ɗaga mayafin. Inuwata tana faɗawa a ruwan, ta buɗe baki, duk suka ruga suka koma ciki. Na saki mayafin na zauna a ƙasa, inda kika taɓa zama kina dariya, na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Domin na gane abin da na gani a gidan Yaya. Ranar nan da muka rage mu biyu a ɗaki, na ga leɓɓanki sun motsa, na ga kin ja numfashi za ki faɗi wani abu. Sai Gwaggonki ta ɗaga labule tana cewa a yi haƙuri, wani na tafe, ai kuna da ƙuruciya. Na ga kin mayar da maganar ciki. Kowa yana sonki, kowa kuma da tsinkensa a hannu: ki ci, ki yi magana, ki yi kuka, ki manta. Ni ba zan ce miki wani na tafe ba. Wace ce za ta maye gurbin wadda kika ɗauka wata da watanni kina mata waƙa a gaban akwatin nan? Ba kuma ina haɗa 'yarmu da 'ya'yan kifi ba ne, Allah Ya tsare ni. Ke nake gani a bayan gilashin, kina ramewa a kan abin da kike tsoron saki.

Yau da safe Kumatu ta sake su, ban taɓa mayafin ba. Sun watsu a yashi suna tsintar garin da na murje musu. Ita kuwa ta daɗe tana kewaya su, bakinta wayam. Sannan na jefa mata ƙwaya ɗaya ta abinci. Ta dube ta, ta matso, ta ci.

Farin cikina, raɓar safiyata, gobe zan zo. Na roƙi Yaya kada ta bar kowa ya shigo. Ba zan zauna a gabanki ba, zan zauna a bayan labule, inda inuwata ba za ta faɗa miki ba. Ba zan tambaye ki komai ba. In ba ki shirya ba, zan dawo jibi, in dawo gata, har gashina ya yi fari a bakin ƙofar nan. Amma ki sani, da hannuna na kwantar da 'yarmu a kabari, kuma duk ranar da na je wajenta sai in tsaya in rasa da me zan kira ta. Ke kaɗai kika san sunan. Ba zan ƙwace miki shi ba, roƙo nake: in kin sake shi, akwai mai riƙe shi tare da ke. Ki gaya mini wa nake yi wa addu'a, sannan ki sha shayinki.

Naki ne ni a cikin shirunki kamar yadda nake naki a cikin dariyarki, yau da gobe, har ranar da za a kai ni kusa da ita.

Mijinki,
Likitan Kumatu