Ni Ce Watan Afrilu

Anguwan Rogo, Jos
14 ga Disamba, 1978

Zuwa ga Mama Nkoli,

Ina gaishe ki da ladabi. Ina fata gajiyar biki ta sake ki, ƙafar nan da ke kumbura miki in sanyi ya shigo ita ma ta lafa. Ina maigida, Oga Benedict? Ina Nkoli da karatun nas? Mu muna lafiya. Baba yana kan keke tun asuba, ɗinkin Kirsimeti ya yi masa yawa.

Da Hausa na rubuto, don Turancina na littafi ne, bai iya fushi ba. Ke kuma a Jos aka haife ki, za ki karanta.

Zan fara da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko ƙanwata Maimunatu da muke kwana ɗaki ɗaya. Duk littafin soyayyar da kika ara mini, ba saurayin nake jira ba. Uwar yarinyar nake jira ta fito, in sa mata fuskarki da tabaranki. Ranar da wata mai sayen zare ta tambaye ki ko ni 'yarki ce, kika yi dariya, ba ki ce a'a ba. Na riƙe dariyar nan har gida, na kasa cin tuwo don murna.

Kin tuna farkon zuwana? Baba ya aiko ni kasuwar Kwararafa sayen maɓalli, ruwan farko ya tsare ni a shagonki. Kika gan ni ina satar kallon kwalin littattafan Nkoli, kika turo mini akwatin lemo kika ce in zauna in zaɓa. Tun daga nan ban taɓa fashin Asabar ba.

Na san alkawarin da kika ɗauka. Duk Kwararafa an san ke, Madam Theodora, za ki cika shekara hamsin, kuma kowane wata na bana da aikin alherinsa. Ni na taya ki ɗauko kabeji da karas daga kasuwar Farin Gada zuwa asibiti. Ni na riƙe miki lema ranar da kika shiga yasar kwata da takalmin roba, 'yan tasi suna yi miki tsiya. Ina ta alfahari da ke. Ban taɓa tambayar aikin watan Afrilu ba.

Da kika miƙo mini koriyar atamfar nan mai tsuntsaye kika ce ankon bikinki ne, sai da na ɓuya a bayan kanta na share hawaye. Mama, kin san anko a wurinmu. Dangi ake ba, da aminai na jiki. Baba ya ture ɗinkin mutane ya yi mini nawa, har da tattara a hannu. Na yi ta koyon tafiya a gaban madubi.

Na shigo gidanki ranar Lahadi, sai na ga Nkoli da 'yan'uwanki duk cikin leshi ruwan zinariya. Na ce ko ni ce na yi kuskure. Sannan na hango masu sanye da koriyar a kan benci kusa da ƙofa: Iya Atine mai itace da kika gyara wa rufin ɗaki, da tsohon da kika saya wa keken guragu, da sauransu. Wata mata ta kama hannuna ta zaunar da ni a tsakiyarsu.

Mista Hyginus mai gabatar da bikin ya ɗauki lasifika yana kiranmu wata-wata. Da ya zo Afrilu ya ce ga marainiyar da Madam ta tsinto ta koya mata karatu. Aka yi tafi. Mai hoto ya ce in yi murmushi, na kuwa yi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Wa ya tsince ni? A ina? Ina aji uku a sakandare, ni na zo ta biyu a Turanci kafin in san shagonki. Innata ta rasu, gaskiya ne, amma Baba yana raye, bai taɓa barinmu da yunwa ba. Ba wai na fi Iya Atine ba. Ita ta san sadakar kwanon rufi aka ba ta, ta gode, har rawa ta taka. Ni ce kaɗai a bencin nan ban san sadaka nake karɓa ba. A Anguwan Rogo ko ragowar tuwo za a kai wa mutum, a rufe ake kai shi, maƙwabci bai sani ba. Ni da lasifika aka ba ni tawa.

Baba ya tambaye ni yadda rigar ta yi. Na ce masa an tafa mini.

Tambayata ɗaya ce. Shekarar ta ƙare, alkawarinki ya cika. In na zo jibi Asabar, wa za ki gani a bakin ƙofa? Hasiya, ko Afrilu? Kada ki lallashe ni, ki faɗa mini yadda yake.

A gaida mutan gida. Allah ya ƙara miki shekaru da lafiya, wannan kam har zuciyata.

Taki,
Hasiya Lukuman

Ƙari: Na yi niyyar in cusa wannan a cikin littafinki da ke hannuna, in ajiye a kan kanta in gudu. Na fasa. Zan sa koriyar rigar, don ubana ne ya ɗinka ta. Hannu da hannu zan ba ki takardar, in tsaya har ki kai ƙarshe. Ba zan zauna a akwatin lemon ba sai kin kira sunana.