Garin da ke Ƙarƙashin Tafki

Ɗana,

Ina gaishe ka. Ya mai ɗakinka da jikokina? Maƙwabcina ke rubuta mini. Ni lafiya lau, barci ne dai ya yi ƙaranci.

Na sha yawo a tafkin nan ban kama komai ba, sai wani masunci ya ce, "Baba, nufi busassun rassan can." Na cika kwando, amma taruna ya fito da taɓarya. Ashe gari ne ruwa ya cinye, har maƙabartarsa, kuma ba wanda ya san sunansa. Na mayar da kifin. Masunta suna ta yi mini dariya, su yi ta yi. Tun ranar nake jin daka a ƙarƙashin kwalekwalena.

Don Allah ka nuna wa yara kabarin mahaifiyarka, ka faɗa musu sunanta.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka