Ashe Injina Ne

Laraba da dare, Kibiya

Har yanzu Malam Habu nake tunani, mai gyaran wutar nan na Rano. Wata biyu ke nan maƙwabta na cewa injina na walda ne ke sa fitilunsu ƙiftawa, ni kuma ina cewa laifin taransfoma ne. Yau na kira shi don ya wanke ni.

Ya maƙala na'urarsa a jikin waya, ya ce in kunna. Ina fara walda, zanen da ke tafiya sumul a gilashin na'urar ya koma kamar haƙoran zarto. Ina ɗaga hannu ya daidaita. Sau uku muka gwada, ga mutane cike a ƙofar shago suna jiran in ji kunya.

Sai ya ce musu, "Ku gode wa Malam Isa, shi ya nemi a duba. Gobe za mu raba masa layi."

Da suka watse ya matso ya ce, "Injinka ne fa, yana mayar da datti cikin layi, shi ke sa fitilunsu ƙiftawa."

Wallahi da ni ne shi, da duk Kibiya ta ji.