Ku Sauke Hotona Daga Tallan Giyarku

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Manoman Inabi da dattawan majalisarsa, a ƙauyenku na kudancin Faransa.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, sunana Dakta Bilkisu, mai binciken cututtukan tsirrai a wata jami'a a Manchester. Ka san ni sarai. Ni ce matar nan mai hijabi da ta yi shekara biyu tana tonon saiwa a gonakinku. Sau uku ina rubuto muku da Faransanci, amsa ɗaya na samu, layi biyu, wai an miƙa maganata ga sashen talla. Wannan karon da Hausa na rubuta don mutanena su karanta, tunda a cikinsu ake nuna ni da baki. Fassarar tana nan tafe gare ku.

Na ɗaya. Ba sha'awa ce ta kai ni wurinku ba. Lokacin da gwamnatin ƙasar nan ta shiga tsuke bakin aljihu, an rufe ɗakin binciken da nake aikin dawa da gero, mijina kuma ƙaramar hukuma ta sallame shi tare da abokan aikinsa. Aiki ɗaya ya rage a sashenmu, shi ne naku: wata cuta da ke busar da itatuwan inabi tun daga saiwa. Na yi mako biyu ina juya maganar a raina, don na san abin da ake yi da inabin. Na karɓa bisa sharaɗi a rubuce: ƙasa da saiwa su ne nawa, ba ruwana da abin da ke cikin ganga. Akwai masu ganin ko hakan ma bai kamata ba, ban kuma ce sun yi kuskure ba. Wannan tsakanina da Ubangijina ne.

Na biyu. Kai da bakinka ka ba ni tarihin ƙungiyarku, muna tsaye gindin tsohon ma'aunin da kuka ƙi jefarwa. Ka ce kakanninku ƙananan manoma ne, ƙwaro ya cinye musu gonaki, da suka farfaɗo kuma 'yan kasuwa suka riƙa saye a wulaƙance, su ɗura a kwalba su manna sunansu. Sai suka haɗa kai, kowa ya kawo dutse da ƙarfinsa, suka gina wurin matsa guda ɗaya, mai ƙaramar gona da mai babba ƙuri'arsu ɗaya. Ka ce an kafa ƙungiyar ne don kada wani ya sake cin kasuwa da abinku ba da yawunku ba. Wallahi maganar ta shige ni, har na ba mahaifiyata labari.

Na kuma ga yadda kuke aiki. A tsinka da sassafe kafin rana ta yi zafi, taraktoci su yi layi, a auna kayan kowa, a gwada zaƙinsa, a matse, a tura ruwan cikin manyan tankuna inda zai yi kwanaki ya tashi ya zama abin da kuke sayarwa. A bakin ƙofar ɗakin tankunan nake tsayawa kullum. Ma'aikatanka har tsokanata suke yi, wai an ja mini layi da alli.

Na uku. Al'adarku ce ranar gama girbi a raba ruwan matsar ƙarshe ga duk wanda ya taɓa gona. Matarka ce ta miƙo mini kofi da hannunta, ta ce in sha ba fargaba, yanzu aka matse shi, har jikokinta ta ba. Da idona na ga yana sauka daga injin. Ruwan inabi ne zalla, ja, mai zaƙi. Na ɗaga kofin tare da kowa don kada in watsa muku ƙasa a ido a ranar farin cikinku. Na ga mai hoto, na ɗauka na ajiyar gida ne. Ba wanda ya tambaye ni komai.

Na huɗu. Mahaifiyata, Hajiya, ta zo daga Zariya aka yi mata aikin ido, tana zaune wurin yayana a Small Heath, a Birmingham. Bayan ƙaramar salla ta bi matar yayana wani babban kanti a cikin gari. A ƙarshen layin kwalabe sai ga ni a jikin kwali, tsayin mutum guda, da hijabina, ina murmushi, kofi a sama. A ƙasa an rubuta cewa giyarku ta kowa da kowa ce. Idon da muka sha wahala aka gyara mata, abin da ya gano mata ke nan. Na nemo littafin tarihin ƙungiyar da kuka buga, shafi guda cur a kan yadda aka shawo kan cutar saiwa, ko sau ɗaya ba a ambace ni ba. Fuskar ce kuka ga za ta yi muku amfani.

Kafin la'asar hoton ya zaga wayoyin mutanenmu. Matan da nake koya wa 'ya'yansu karatu ranar Asabar a unguwarmu ta Longsight suka janye su ɗaya bayan ɗaya, kowace da ɗan uzurinta. Wannan na daure na haɗiye.

Na Hajiya ne ya ƙi wucewa. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Na rantse mata ba giya ba ce a kofin, abin da ta ce kawai shi ne, “Na ji, Allah ya kyauta.” Lahadin da ta wuce na je duba ta, na sha ruwa a kicin na fita. Da na dawo ɗaukar jakata na iske ta ware kofin tana wanke shi da sabulu, ta ɗauraye, ta sake wankewa, sannan ta kife shi can gefe shi kaɗai. Ba ta san na gani ba. Matar da ta tauna ta ba ni a baki ke nan fa. Tun daga Birmingham har Manchester kuka nake yi a jirgin ƙasa, ba na kuma jin kunyar faɗa.

Ranka ya daɗe, ba kuɗi nake nema ba. Buƙatata biyu ce. Ku sauke hoton daga duk kantin da kuka kai shi. Sannan ka rubuto takarda, kai da matarka ku sa hannu, ku faɗi abin da ke cikin kofin nan da yadda aka yi ya zo hannuna. Ƙarshen watan nan bizar Hajiya za ta ƙare ta koma Zariya, ina so yayana ya karanta mata kafin ta hau jirgi. Sunana kuwa ku bar shi inda kuka bar shi, yanzu ba na son sa a littafinku.

Abin da 'yan kasuwa suka yi wa kakanninku shi kuka yi mini, ina zaton ka fi ni sanin ɗacinsa. Duk da haka ba zan yi maka mugun baki ba. Allah ya ba ka lafiya kai da iyalinka, ya shirye mu baki ɗaya, kada kuma ya nuna maka ranar da za ka ga wadda ta haife ka tana ware kofinka.

Wassalam.

Dakta Bilkisu,
Longsight, Manchester.