Lallen Bushra Ranar Tiyata

Talata Mafara

Yaya Kubura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Malam Muttaka da yara. Tunda wayarki ta faɗa ruwan gona kika ƙi sayen wata, ga takarda ta hannun direba.

Laraba za a cire wa Bushra hakin wuya, ko ta huta da minsharin nan mai sarƙe mata numfashi. Likitar da ke sa barci ta ce hanya biyu ce: ko a rufe mata hanci ta shaƙi iska, ko allura a jijiyar bayan hannu. Ta fi son allurar, wai amai ya fi sauƙi, kuma yara sun fi farkawa a natse. Amma kin san ɗiyarki da tsoron allura. Wanne aka yi wa Isma'ilanki? Bushra tana Maradun wajen Hajiyarmu har ranar Talata.

Ƙanwarki,
Hindatu

Bakura

Hindatu,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, shinkafa ta yi kyau.

Iska aka yi mai. Shigarsa barci kamar wasa. Farkawar ce! Ya yi ta shure-shure, na rungume shi, ya dube ni ido cikin ido ya ce a kira mai innarsa. Kafin la'asar ya dawo daidai, bai ma tuna ba. Ni ce har yau in na tuna gabana ke faɗuwa. An ce ba kowane yaro ke yin haka ba, amma ki bi likita. Kukan allura ba ya daɗewa.

Allah shi ba da sa'a.
Kubura

Maradun

Hindatu ɗiyata,

Ina gaishe ki da mai gidanki. Jikata ta ce tana tsoro, ku kuwa kun zuba mata ido. Na yi maganin abin. Na zauna na yi mata lalle baƙi wuluk, ciki da bayan hannu har wuyan hannu. Na ce mata mai ado ba ta kuka gaban baƙi. Lallen ya ƙare kafin in kai ƙafa, ta yi haƙuri. Allah shi yi muku albarka.

Hajiya Baturiya

Talata Mafara

Yaya,

Salamu alaikum. Ki zauna kafin ki karanta.

Likita ta juya hannun Bushra nan, ta juya can, jijiya ta ɓace ƙarƙashin adon Hajiya. Ta yi dariya ta ce, "Wa ya yi wannan aiki mai kyau ya ɓata mini nawa?" Sai ta ce da iska za a fara. Wallahi Isma'ila ne ya faɗo mini a rai. Likita ta kwantar mini da hankali: iskar don shiga barci ce kawai, daga nan za a sa allura a ƙafa a ci gaba da ita. Allah ya so lallen ya ƙare!

Da aka fito da ita na tsaya a kanta, bakina ba ya rabuwa da addu'a. Ta buɗe ido. Ta daɗe tana dubana. Sannan ta ɗaga hannu, murya a dushe ta ce, "Inna, ba su goge mini ba ko?"

"Inna" ta kira ni, Yaya, ta gane ni. Kuka na yi har sai da likita ta miƙo mini kujera.

Minshari ya tafi. Kada ki faɗa wa Hajiya komai, tana can tana gaya wa maƙwabta lallenta ne ya yi aikin. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Hindatu